Haɗin Kai da Iyaye Wajen Kula da Girman Jikin Ƙananan Yara: Tsokaci a Kan Garin Jalingo

1.0 GABATARWA

Masu iya magana kan ce da rarrafe yaro kan tashi. Ko da yake an fi amfani da wannan karin magana wajen jan kunnen mai gaggawa, asalinsa ya samu ne daga lura da Bahaushe ya daɗe yana yi da yadda jikin yaro ke girma mataki bayan mataki. Kafin zuwan asibiti da makarantar boko, iyaye mata da kakanni sun riga sun raɗa wa kowane mataki suna, sun kuma tanadi dabarun taimaka wa yaro ya ƙetare shi.

Abin da ake nufi da girman jiki a wannan maƙala ya ƙunshi fuska uku. Ta farko ita ce ƙaruwar tsawo da nauyi. Ta biyu ita ce sarrafa manyan gaɓoɓi, kamar zama da tafiya da gudu da tsalle. Ta uku kuwa ita ce aikin hannu da yatsu, kamar tsintar abu da kai loma baki da riƙon alƙalami. Mafi yawan wannan girma yana aukuwa ne a tsakar gida. Ma'aikaciyar asibiti ba ta ganin yaro sai na 'yan mintoci a ranar awo ko rigakafi, malamar makaranta kuma ba ta karɓar sa sai ya kai shekara 3 ko fiye. A wannan lokaci kwanaki 1,000 na farko, waɗanda ake ƙirgawa daga ɗaukar ciki zuwa cikar shekara 2, sun riga sun wuce, alhali tsawon da yaro ya rasa a cikinsu da wuya ya dawo.

Al'amarin ba ƙarami ba ne. Binciken lafiyar al'umma na ƙasa da aka gudanar a 2018 ya nuna cewa yara 37 cikin 100 'yan ƙasa da shekara 5 a Nijeriya sun tsumbure, wato tsawonsu bai kai na shekarunsu ba. Wanda ya biyo bayansa a 2023 zuwa 2024 ya nuna adadin ya kai 40 cikin 100, kuma abin ya fi tsanani a jihohin arewa. Manufar wannan maƙala ita ce ta nuna cewa haɗin kai da iyaye yana yin tasiri ne idan ya fara daga kalmomi da al'adun da ke cikin gida, aka tantance waɗanda za a ƙarfafa, da waɗanda za a gyara, da waɗanda za a bari. An ɗauki garin Jalingo a matsayin misali.

2.0 GARIN JALINGO DA YANAYINSA

Jalingo ta soma ne a matsayin sansanin yaƙi na Sarkin Muri Muhammadu Nya a 1893, daga baya ta zama mazaunin masarautar. Sunan ya samo asali daga Fulatanci, yana ɗauke da ma'anar rinjaye. A ranar 27 ga Agusta, 1991, aka cire Jihar Taraba daga tsohuwar Jihar Gongola, aka mai da Jalingo babban birninta. Ƙidayar 2006 ta ba ƙaramar hukumar mutum kimanin 140,000, kuma garin ya ci gaba da faɗaɗa saboda zuwan ma'aikata da 'yan kasuwa da ɗalibai, da kuma waɗanda tashe-tashen hankula suka raba da gidajensu.

Abubuwa biyu na wannan tarihi sun shafi batunmu. Na farko shi ne harshe. Fulani da Mumuye da Jukun Kona da Hausawa da sauran al'ummu da dama suna zaune wuri guda, Hausa kuma ita ce harshen da ya fi haɗa su a kasuwa da layin asibiti. Sai dai Hausar da mace Bamumuya ke cinikin doya da ita ba lalle ne ta wadatar da ita wajen bayyana ciwon ɗanta ba. Na biyu shi ne wurin zama. A tsofaffin unguwanni irin su Turaki da Majidadi da Sintali har yanzu akan tarar da gidan gandu mai tsakar gida da kaka a kusa. A wuraren da garin ya miƙe kuwa, ma'aurata da yawa suna cikin ɗaki ɗaya ko biyu na haya, babu tsohuwa a gefe, babu kuma filin da yaro zai yi guje-guje. Saboda haka shawarar da ta dace da gida na farko ba lalle ta yi amfani a na biyu ba.

Ta fuskar hukuma, Dokar Ilimin Bai-Ɗaya ta 2004 ta shigar da renon ƙananan yara cikin ilimin tushe, a 2007 aka fitar da manufar ƙasa ta kula da ci gaban ƙananan yara, bugun 2013 na manufar ilimi kuma ya tanadi shekara guda ta share fage kafin firamare. A 2023 Gwamna Agbu Kefas ya ayyana ilimin firamare da sakandare kyauta a jihar. Duk waɗannan tanade-tanade suna jiran yaro ne a bakin ƙofar makaranta, ga shi kuwa jikin da zai zo da shi a gida ake gina shi.

3.0 MATAKAN GIRMA A BAKIN BAHAUSHE DA A MA'AUNIN MASANA

Hausa tana da jerin kalmomi da ke bin yaro daga haihuwa zuwa yaye. Da farko akan ce wuyansa ya tsaya, sannan ya soma juyi ko birkicewa. Daga nan sai zama, sai jan ciki, sai rarrafe. Bayan haka ya riƙa miƙewa da dafa bango, a riƙa yi masa tata, wato a kama hannuwansa ana jan sa yana ɗaga ƙafa, har ya saki ya tafi da kansa. Idan jikinsa ya kama sai a ce ya yi ƙwari. Ita kalmar goyo ta ƙunshi ɗaukar yaro a baya da kuma zamanin shayarwa baki ɗaya, shi ya sa ake cewa mace mai goyo, ɗanta kuma ɗan goye.

Wannan jeri ya yi daidai da abin da bincike ya tabbatar. Daga 1997 zuwa 2003 Hukumar Lafiya ta Duniya ta gudanar da nazari a kan girman yara kimanin 8,500 a ƙasashe shida. Wani sashe na nazarin ya bi sawun yara 816 a Gana da Indiya da Norwe da Oman da Amurka domin gano lokacin da suke kaiwa ga matakai shida. Sakamakon da aka buga a 2006 ya nuna cewa yara masu lafiya suna zama da kansu tsakanin kimanin wata 4 da wata 9, suna tsayuwa da dafawa tsakanin wata 5 da 11, suna rarrafe tsakanin wata 5 da 13 da rabi. Tafiya da dafawa tana zuwa tsakanin wata 6 da 14, tsayuwa ba dafawa tsakanin wata 7 da 17, tafiya sosai kuma tsakanin wata 8 da wajen wata 18. An kuma tarar cewa yara kamar 4 cikin 100 ba su yin rarrafe sam, daga zama sai miƙewa.

Darasi biyu ke cikin wannan ga mai aiki da iyaye. Na farko, tazarar tana da faɗi, don haka uwar da ɗanta ya kai wata 14 bai taka ba, alhali na kishiyarta ya taka a wata 10, tana bukatar a kwantar mata da hankali. Na biyu, tazarar tana da iyaka. Yaron da ya wuce wata 9 bai zauna ba, ko ya kai wata 18 bai yi tafiya ba, yana bukatar likita ya gan shi.

Har ila yau, bincike ya nuna cewa abin da iyaye ke yi da hannunsu yana tasiri. A 1976 Charles Super ya buga nazarin da ya yi a cikin Kipsigis na ƙasar Kenya, inda ya tarar jariransu suna riga na Amurka zama da tafiya da kimanin wata guda. Dalili shi ne iyayen suna koyar da waɗannan abubuwa da gangan, sukan zaunar da jariri cikin ɗan rami su tokare shi da tsumma. Wanda ya tashi a ƙasar Hausa ya san kwatankwacin wannan: zaunar da jariri cikin roba ko kwali a kewaye shi da zannuwa, da mimmiƙa masa gaɓoɓi bayan wanka, da tata, da keken katako mai ƙafa uku da kafinta ke ƙerawa. Wato ke nan a gida akwai manhaja, ko da yake ba a rubuce take ba.

4.0 SU WANE NE IYAYE?

Takardun shirye-shiryen kiwon lafiya sukan ambaci uwa kamar ita kaɗai ke riƙe da yaro. A harshen Hausa kuwa, kalmar iyaye ta haɗa da baffa da kawu da gwaggo da inna, kuma an ce ɗa na kowa ne. A aikace mutum huɗu ne ke da hannu a jikin yaro.

Uwa ita ke shayarwa da goyo, amma sau da yawa ba ita ke yanke shawara ba, musamman a haihuwar fari. A nan ya kamata a lura da al'adar kunyar ɗan fari, wadda Hausawa da Fulani suka yi tarayya a kanta. Uwa ba ta kiran sunan ɗanta na fari, ba ta kuma nuna ɗokinsa a gaban surukai. Idan ma'aikaciya ta ce wa irin wannan yarinya a bainar jama'a ta riƙa wasa da jaririnta tana yi masa hira, za ta sunkuyar da kai ta amsa da "to", amma da wuya ta aikata a gaban uwar miji. Gara a keɓe ta a nuna mata abin da za ta iya yi a cikin ɗakinta.

Kaka ita ce mai wankan jego da na jariri, ita ke cewa a ba da ruwa ko jiƙo, kuma wurinta ake kai yaro yaye. Al'ada ta ba ta damar da ta hana uwa, domin tsakanin kaka da jika akwai wasa da barkwanci. Ita ce ta fi cancanta a danƙa wa aikin motsa jikin jariri da sa shi dariya, in dai an gayyace ta da girmamawa.

'Yar reno, wadda galibi yayar yaron ce mai shekara 7 zuwa 12, ita ke yini da shi idan uwa tana girki ko sana'a. Ita ce ba a taɓa kira taro, alhali a hannunta yaro ke faɗuwa ko ya kai ga murhu. Makarantun firamare da na Islamiyya suna iya koya wa irin waɗannan yara ƙa'idojin riƙon ƙannensu.

Uba shi ne mai cefane da izinin fita. Ko uwa ta gamsu cewa yaro na bukatar ƙwai ko kifi, aljihun maigida ne zai tabbatar. Tarihin yaƙi da shan inna ya isa misali. Bayan ƙaurace wa rigakafin da aka yi a Kano daga 2003 zuwa 2004, ba a shawo kan magidanta ba sai da sarakuna da malamai suka shiga, har aka kafa kwamitin sarakunan arewa a kan kiwon lafiya a 2009. A 2016 aka ga na ƙarshen masu kamuwa da asalin ƙwayar cutar a Jihar Borno, a watan Agusta 2020 kuma aka ayyana nahiyar Afirka ta rabu da ita. A Jalingo ma, masu unguwannin masarautar Muri da limamai da shugabannin coci su ne ƙofar isa ga magidanta.

5.0 FAGAGEN AIKI TARE

5.1 Abinci

Shawarar masana ita ce a shayar da jariri nono zalla har wata 6, a ci gaba da shayarwa tare da wasu abinci har shekara 2 ko fiye. Binciken 2018 ya nuna jarirai 29 cikin 100 ne kawai ke samun nono zalla. Abu biyu ke kawo cikas. Na farko shi ne zubar da dakashi, wato nonon farko mai kauri, bisa zaton gurɓatacce ne, alhali shi ne kariyar farko da jariri ke samu daga cututtuka. Na biyu shi ne ruwa. A zafin Maris da Afrilu na Jalingo, kakar da ke cewa a ba jariri ruwa tausayi ne ke motsa ta. Idan aka ce mata kawai ta daina, za ta ɗauka rashin imani ne. Amma idan aka ce, "Inna, gaskiyarki, ƙishirwa yake ji, shi nonon fiye da kashi 80 cikin 100 nasa ruwa ne, a ba uwar ta sha da yawa, a kuma ƙara sa shi a nono," an amince da damuwarta, an kuma ba ta abin yi.

Daga wata 6, matsalar ta koma ta kunu. Koko tsararo na masara yana cika ƙaramin ciki ba tare da ya gina jiki ba. A wannan fage Taraba ba ta da uzuri, domin ƙasa ce ta gyaɗa da waken suya da riɗi, ga kifin Binuwai daga Lau da Ibi, ga nonon Fulani, ga zogale da kuka. Kunun gyaɗa, wanda kowane gida a yankin ya sani, ya fi koko nesa ba kusa ba idan aka yi shi da kauri aka ƙara garin wake ko na busasshen kifi. Mai aiki da iyaye ba ya bukatar ya kawo baƙon abinci, abin da ke gabansa shi ne ya daidaita yawa da kauri, ya kuma nemi a ba ƙaramin yaro kwanonsa daban, don kada yayyensa su riga shi cinyewa.

Akwai kuma batun lanƙwashewar ƙafa. Ɗan bauɗewa kafin shekara 2 abu ne da aka saba gani, yakan kuma miƙe da kansa. Wanda ya ci gaba ko ya ƙaru, har ya zama gwame ko ƙafar baka mai tsanani, yana iya zama laushin ƙashi. Binciken da Tom Thacher da abokan aikinsa suka yi a Jos, wanda aka buga a 1999, ya nuna cewa a cikin yaran da suka duba ƙarancin sinadarin kalsiyam a abinci ne babban dalili, kuma ba da kalsiyam ya fi ba da bitamin D shi kaɗai warkarwa. Nono da ƙananan kifi da ake ci da ƙayarsu suna daga cikin abin da ke cike wannan gurbi.

5.2 Goyo, Motsi da Wasa

Goyo yana da fa'ida bayyananna. Yana ba jariri ɗumi da natsuwa, yana ƙarfafa wuyansa da bayansa, kuma buɗewar ƙafafuwa a bayan uwa ta dace da ginuwar ƙugu. Duk da haka, jagorar da Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar a 2019 ta ba da shawarar kada a tsare ƙaramin yaro wuri guda fiye da awa 1 a lokaci ɗaya, ta kuma ambaci goyo a cikin misalanta. Uwar da ke suyar ƙosai ko aikin gona ba za ta iya sauke ɗanta kowace awa ba, kuma bayanta ya fi masa aminci bisa ga gefen kasko. Abin da zai yiwu shi ne a tsara tare da ita lokutan da za a sauke shi a shimfiɗa a inuwa, a hannun kaka ko 'yar reno.

Jagorar ta kuma tanadi cewa jaririn da bai soma rarrafe ba a riƙa kwantar da shi rubda-ciki yana farke, jimillar minti 30 a yini, da mai kula a kusa. Barci kuwa a rigingine ya kamata ya yi shi. Daga shekara 1 zuwa 4 yaro na bukatar motsa jiki na minti 180 a yini, kuma ga ɗan shekara 3 zuwa 4 minti 60 daga ciki su zama na guje-guje sosai. Ba a son a ba wanda bai kai shekara 2 ba kallon waya ko talabijin, wanda ya kai kuma kada ya wuce awa 1.

Yaron tsakar gida yakan cika waɗannan mintoci ba tare da kowa ya ƙirga ba. Wasan ƙasa da tuwon ƙasa da ginin laka suna horar da yatsu. Gare da lilo da ɓuya suna horar da ƙafa da daidaiton jiki, kafin yaro ya kai ga langa da 'yar gala-gala da carafke, waɗanda yake koya ta kallon yayyensa. Wanda ke cikin haɗari shi ne ɗan gidan haya, da ake kulle wa a ɗaki da waya a hannu saboda tsoron titi. Haka nan wasu makarantun reno sukan zaunar da ɗan shekara 3 a benci yana kwafar haruffa, domin iyaye suna auna makaranta da yawan rubutun da ke cikin littafi. Wajibi ne malama ta bayyana musu cewa hannun da bai murza laka ba, bai tsinci tsakuwa ba, wuyar riƙon fensir yake sha. Ya kamata kuma a faɗakar da su bambancin keken katako da yaro ke turawa da keken kanti mai tayoyi da ake zaunar da jariri a ciki. Na biyun ba ya gaggauta tafiya, yana kuma kai jariri ga wuta ko matakala, har ƙasar Kanada ta haramta sayar da shi a 2004.

5.3 Kalmomin da ke Ɓoye Cuta

Kamar yadda harshe ke adana ilimi, haka yakan lulluɓe haɗari. Idan zawo da zazzaɓi suka kama ɗan wata 7, akan ce haƙori ne, a zauna jiran ya fito. Gaskiyar al'amari ita ce wannan lokaci ya zo daidai da fara rarrafe da kai komai baki da fara cin abinci, kuma ƙwayoyin cuta ne ke kawo zawon. Idan maɗiga ta faɗa, akan shafa mata magani daga waje, alhali alama ce ta ƙarewar ruwa a jiki, maganinta ruwan gishiri da sukari da ƙwayar zinki da gaggawar zuwa asibiti. Idan uwa ta yi kwanika, akan cire yaro daga nono dare ɗaya don kada ya sha ciki, ramar da ta biyo baya kuma a ɗora ta a kan cikin, ba a kan yayen gaggawa ba. Kumburin ƙafa da fuska na tamowa ma wani lokaci akan ɗauke shi ƙiba.

Mafi nauyi a cikinsu ita ce kalmar ɗan ruwa, da ake kiran yaron da jikinsa ya saki ko ya sandare, bai zauna ba, bai tsaya ba. Sau da yawa asalin abin rauni ne a ƙwaƙwalwa, sakamakon doguwar naƙuda ko shawarar da ta kama jariri a makon farko ba a yi maganinta ba. Ita shawarar jarirai ana maganinta da hasken fitila ta musamman idan an kai da wuri, kuma kafur da ake sa wa cikin kayan jariri yana iya tayar da ita ga wasu yara. Yaron da ya riga ya samu raunin yana amfana da gashi da motsa gaɓoɓi a manyan asibitoci irin su Cibiyar Kiwon Lafiya ta Tarayya da ke Jalingo, kuma mafi yawan atisayen a gida iyaye za su riƙa yi masa.

Ba a gyara waɗannan kalmomi da izgili. Likita Cicely Williams, wadda ta yi aiki a Ankara ta ƙasar Gana, ta saurari abin da mutanen wurin ke kiran wata cutar yara a harshen Ga, wato kwashiyoko, ciwon yaron da ƙanensa ya ture daga nono. A 1935 ta shigar da kalmar cikin rubutun likitanci, kuma har yau da ita duniya ke amfani. Sunan da iyaye suka raɗa ya riga ya nuna musabbabin cutar.

6.0 HANYOYIN HAƊIN KAI

Akwai shaidu biyu da ke nuna abin da iyaye ke iyawa idan an ba su amana. A birnin Kinston na ƙasar Jamaika, Sally Grantham-McGregor da abokan aikinta sun ɗauki yara 129 tsumburarru, 'yan wata 9 zuwa 24, a ƙarshen shekarun 1980. Wasu daga cikinsu an riƙa ziyartar gidajensu mako-mako har shekara 2, ana nuna wa uwa yadda za ta yi wasa da ɗanta da kayan da aka haɗa a gida. Bayan shekara 20, rahoton da aka buga a 2014 ya nuna waɗanda aka ziyarta sun fi takwarorinsu samun kuɗin shiga da kashi 25 cikin 100.

Shaida ta biyu daga ƙasar Hausa take. A gundumar Mirya ta yankin Damagaram a Jamhuriyar Nijar, ƙungiyar ALIMA ta koya wa iyaye mata auna damtsen 'ya'yansu da ɗan tef mai launi uku: ja idan bai kai santimita 11.5 ba, rawaya daga nan zuwa 12.5, kore idan ya wuce. Sakamakon da aka buga a 2016 ya nuna cewa matan, waɗanda yawancinsu ba su yi boko ba, ba su gaza ma'aikatan lafiya na ƙauye wajen gano tamowa ba.

Bisa ga waɗannan, ana iya ba da shawarwari kamar haka game da Jalingo:

(a) A fara da tambaya kafin nasiha: me yaron ya iya yanzu, wa ke yini da shi, me ya ci jiya. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo.

(b) A yi amfani da ranakun rigakafi, wato ranar haihuwa da mako 6 da 10 da 14 da wata 9 da wata 15, wajen duba matakan girma, a nuna wa uwa layin nauyin ɗanta a kati a bayyana mata ma'anarsa.

(c) A koya wa kowane gida alamomi biyar na gaggawa: wuya bai tsaya ba a wata 4, babu zama bayan wata 9, babu tafiya a wata 18, amfani da gefe ɗaya na jiki kawai, da kuma rasa abin da yaro ya riga ya iya.

(d) A nuna da hannu, a dama kunun a gaban jama'a, a kwantar da jaririn a tabarma kowa ya gani, sannan a bar uwa ko kaka ta maimaita.

(e) A kai saƙon kariya daga haɗurran gida inda maza ke taruwa: rufe rijiya, killace murhu, da daina zuba kananzir cikin kwalbar lemo.

(f) Jami'ar Jihar Taraba, wadda aka kafa a 2008, da Kwalejin Ilimi ta Zing suna iya tattara kalmomin reno da na cututtukan yara a Hausa da Fulatanci da Mumuye da Jukun, su zama ƙaramin ƙamus ga ma'aikatan lafiya da malaman reno da masu shirye-shiryen rediyo.

7.0 KAMMALAWA

Wannan maƙala ta yi ƙoƙarin nuna cewa jikin yaro a gida ake gina shi, kuma masu ginin sun haɗa da uwa da kaka da 'yar reno da uba. An ga cewa matakan da Hausa ta raɗa wa suna sun dace da waɗanda bincike ya auna. An ga al'adun da suka cancanci ƙarfafawa, kamar tata da wasan ƙasa da kunun gyaɗa, da masu bukatar gyara, kamar tsawon goyo da kaurin kunu, da waɗanda ya kamata a bari, kamar zubar da dakashi da jingina zawo ga haƙori. Aikin da ya rage a wuyan masana harshe shi ne tattara waɗannan kalmomi daga bakin tsofaffin mata na kowace al'umma a Jalingo tun suna raye, domin ma'aikacin da bai san sunan da uwa ke kiran ciwon ɗanta ba, da wuya ya ji abin da take gaya masa. Hannu ɗaya, in ji masu iya magana, ba ya ɗaukar jinka.